Ranta wa gwamnati na gajeren lokaci: takardar baitulmali, takardar lamuni, asusun haɗaka, sukuk ko ajiyar banki?

Akwai kuɗin da ba yau za a kashe su ba, amma kuma ba za a iya mantawa da su shekara goma ba. Kuɗin karatun yaro da za a biya nan da wata tara, cikon kuɗin gida da ake ta tarawa, jarin da ke jiran lokacinsa, ko abin da aka keɓe don ranar da ta ɓaci. Mai irin wannan kuɗi yana tsakanin tsoro biyu. In ya bar su a asusun yau da kullum, hauhawar farashi za ta riƙa gutsurarsu. In ya kai su kasuwar hannun jari, ranar da zai buƙace su tana iya zuwa daidai da ranar da kasuwa ta faɗi warwas. Irinsa ake yawan cewa ya ranta wa gwamnati na ɗan lokaci, kuma shawarar tana da kyau. Sai dai ƙofofin shiga suna da yawa, ga kuma banki a gefe yana tallan ajiya mai wa'adi.

Ra'ayina tun da wuri shi ne: ranar da za ka buƙaci kuɗinka ce ya kamata ta zaɓa maka hanya, ba girman ribar da aka rubuta a talla ba. Sauran bayanin duk hujja ce a kan wannan.

Abin da za mu auna

Na farko tsada. Adadin da ake tallatawa ba shi ke shiga aljihu ba, sai an cire la'adar dillali, ladan masu kula da asusu, tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, sannan haraji. Na biyu ƙarko: shin uwar kuɗin za ta dawo cif-cif, kuma in ta dawo za ta iya sayen abin da take saye a da? Na uku sauƙi, wato mafi ƙarancin abin da ake shiga da shi, da yadda ake fita in larura ta taso kafin wa'adi. Na huɗu haɗari, wanda ya haɗa da gazawar mai cin bashin, da faɗuwar kuɗin ruwa a lokacin da za ka sake zuba kuɗinka, da canjin kuɗi ga wanda ya sayi takardar wata ƙasa.

Takardar baitulmali: shekara guda ko ƙasa da haka

Ita ce mafi gajarta. A Amurka wa'adinta yana kamawa daga sati 4 zuwa sati 52. A Indiya da ƙasashen Afirka da dama an saba da kwana 91, 182 da 364. Ba a biyan kuɗin ruwa a kanta wata-wata. Ana sayar maka da ita ne da ragi, ranar wa'adi a biya ka cikakken adadin da ke rubuce.

A nan mutane da yawa ke rikita lissafi, don haka bari mu duba sosai. A ce takardar 100,000 ce ta shekara guda, an ce ragin kashi 10 ne cikin ɗari. Za ka biya 90,000 yau, a ba ka 100,000 baɗi war haka. Ribarka 10,000 ce, amma a kan 90,000 ka same ta, ke nan ainihin abin da kuɗinka suka haifa kashi 11.1 ne. In wani banki ya yi maka tayin kashi 10.5 a ajiya mai wa'adi, a ido za ka ga kamar ya fi, alhali takardar ce a gaba. Duk lokacin da aka faɗa maka adadi, ka tambaya: ragi ne wannan, ko ainihin ribar da ke kan abin da na biya?

Ta fuskar tsada, inda gwamnati ta buɗe wa jama'a ƙofar saye kai tsaye, kusan kyauta ne. Shafin TreasuryDirect na Amurka yana karɓar dala 100 ba tare da la'ada ba. Babban bankin Indiya ya buɗe Retail Direct a Nuwamban 2021, ana shiga da rufi 10,000. Ƙaramin mai saye ba ya shiga rigimar tayin farashi a gwanjon da gwamnati ke sayar da takardun. Yana faɗin adadin da yake so ne kawai, ya karɓi farashin da gwanjon ya tsaya a kai. A Birtaniya kuwa mafi ƙarancin tayi a gwanjon fam 500,000 ne, dole ƙaramin mai jari ya bi ta hannun dillali. To a nan la'ada ke yin ɓarna ba a lura ba. In dillali ya karɓi 20 a kan sayayyar 2,000 ta wata uku, ya ci kashi 1 a wata uku, wato kashi 4 a shekara in ka ci gaba da maimaitawa. A ƙasar da takardar ke ba da kashi 4, ka yi wa dillali aiki ke nan.

Ƙarkonta ba shi da na biyu a cikin zaɓin nan, muddin ka riƙe ta har wa'adi: ka san ranar, ka san adadin. Fita kafin lokaci ce matsalar. A TreasuryDirect ba a sayarwa, sai ka mayar da takardar hannun dillali, kuma ba a yarda da hakan sai ta yi kwana 45 a asusunka. A wasu wurare banki zai saye ta daga hannunka, amma da farashin da shi ya ga dama.

Raunin da ba a cika faɗa ba shi ne gajartar kanta. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifiri a Maris na 2022 har ya kai kashi 5.25 zuwa 5.50 a Yulin 2023, masu takardar wata uku suka sha daɗi. Daga Satumban 2024 aka fara ragewa, kafin shekarar ta ƙare an zabtare kashi 1 cur. Wanda ke sabunta takardarsa duk wata uku ya ga ribarsa tana raguwa a kowane zagaye, ba shi da yadda zai yi.

Takardar lamuni mai shekara ɗaya zuwa uku

Wannan ita ke maganin raunin da muka ambata yanzu. Tana ɗaure maka adadin riba na shekara biyu ko uku, kuma yawanci ana biyan kuɗin ruwa duk wata shida, wasu ƙasashe sau ɗaya a shekara. Kana iya sayen sabuwa ranar da aka fitar, ko ka sayi tsohuwa a kasuwa, wadda asalinta ta shekara goma ce amma saura wata goma sha takwas wa'adinta ya cika. Abin da ya rage na wa'adin shi ne abin dubawa, ba shekarun da aka yanka mata tun farko ba.

Abin da ka bayar a madadin wannan tabbaci shi ne farashinta yana motsi. In kuɗin ruwa a kasuwa ya tashi daga kashi 4 zuwa 5, takardar wata uku za ta rasa kusan kwata na kashi ɗaya, ta shekara biyu ta rasa ɗan ƙasa da kashi 2, ta shekara goma kuwa kusan kashi 8. Dalilin a fili yake: ba wanda zai sayi tsohuwar takarda mai ba da 4 a cikakken farashi alhali sabuwa tana ba da 5. Shekarar 2022 ta nuna wannan ƙarara a Amurka. Takardun gwamnati masu dogon wa'adi sun faɗi da kusan kashi 30, masu shekara ɗaya zuwa uku da kusan kashi 4, takardun baitulmali kuwa suka fita da 'yar riba. Bankin Silicon Valley da ya durƙushe a Maris na 2023 ba bashin banza ya ba mutane ba. Takardu masu dogon wa'adi ya tara, masu ajiya suka zo neman kuɗinsu, ya zama dole ya sayar a kan asara. Amma ka lura, wannan faɗuwa ba ta shafi wanda ya haƙura har wa'adi ba. Shi za a biya shi cikakken adadi ko kasuwa ta yi sama ko ta yi ƙasa.

Haraji yana iya juya lissafin gaba ɗaya, kuma kowace ƙasa da dokarta. A Amurka ribar takardun gwamnatin tarayya tana biyan harajin tarayya, amma ba ta biyan na jiha ko na ƙaramar hukuma. A Birtaniya ana cire haraji a kan kuɗin ruwan takardar, amma ba a cirewa a kan ƙarin da mutum ya samu tsakanin farashin da ya saya da abin da aka biya shi ranar wa'adi. Shi ya sa masu biyan haraji mai nauyi a can suke rububin takardun da aka fitar a 2020 da 2021 masu ɗan mitsitsin kuɗin ruwa, waɗanda ake sayarwa ƙasa da adadin da ke rubuce a kansu: yawancin ribarsu tana zuwa ne ta ƙofar da haraji bai tare ba. Kafin ka kwatanta komai, nemi sanin abin da dokar ƙasarka ta ce.

Sauƙinta matsakaici ne. Kana buƙatar asusun dillali a yawancin wurare, kuma in a kasuwa ka saya, za ka biya mai sayarwa kuɗin ruwan da ya taru tun biyan ƙarshe, sannan ya dawo maka a biya na gaba. Sabon shiga yakan firgita ya ɗauka an zalunce shi.

Asusun haɗaka

Ka ba ƙwararru kuɗinka, su haɗa da na wasu, su riƙa sayen takardu suna sabuntawa. Ta fuskar sauƙi babu kamarsa: da kuɗi kaɗan ake shiga, ta manhajar waya ma, kuma yawanci cikin kwana ɗaya zuwa uku na aiki kuɗinka sun dawo. Ba ruwanka da ranar gwanjo.

Ladan kula da shi ne abin sa ido. Akwai masu karɓar ƙasa da kashi 0.2 a shekara, akwai masu karɓar kashi 1 ko fiye. Inda takardu ke ba da kashi 4, mai karɓar kashi 1 ya kwashe rubu'in ribarka, kuma ko an samu ko ba a samu ba zai karɓa.

Asusun nan iri biyu ne, kada a haɗa su. Na kasuwar kuɗi yana riƙe takardun 'yan makonni ko watanni, darajarsa kusan ba ta motsi. Na takardun shekara ɗaya zuwa uku, wanda sau da yawa ake sayar da shi a kasuwar hannun jari da sunan ETF, yana hawa da sauka, kuma ba shi da ranar wa'adi da za ka ce bari in jira ta a cika mini kuɗina. Wannan ne babban bambancinsa da riƙe takardar da hannunka. Sannan ka karanta abin da ke cikin asusun. Sunan kasuwar kuɗi ba ya nufin bashin gwamnati zalla. A Satumban 2008 asusun Reserve Primary Fund ya kasa riƙe darajar dala ɗaya a kan kowane rabo, ya sauka zuwa santi 97, saboda yana riƙe da takardun bankin Lehman Brothers da ya rushe. Kuma inshorar ajiyar banki ba ta rufe irin wannan asusu.

Sukuk

Ga wanda addininsa ya hana shi cin kuɗin ruwa, duk abin da ya gabata ba nasa ba ne, kuma ba na ganin daidai ne a rubuta irin wannan kwatance a tsallake shi. A sukuk ba rance ka bayar ba. Ka sayi rabo ne a wata kadara ko ciniki. A tsarin ijara gwamnati tana biyan ka haya, a tsarin salam kuma ka biya kuɗin kaya tun kafin a kawo su. Baharen ta fara fitar da sukukin salam na wata uku tun 2001. Indonesiya tana sayar wa ɗaiɗaikun mutane sukuk tun 2009, akwai na shekara uku da ake iya sayarwa a kasuwa, da na shekara biyu na tanadi wanda ba a cinikinsa.

Matsalarsa ƙarancin samuwa ce. Yawancin sukukin gwamnatoci shekara biyar ne zuwa goma, masu gajeren wa'adin kuma bankuna ke wawashewa. Na salam ba a cika cinikinsa ba, don yawancin malamai suna ɗaukarsa bashi ne, bashi kuwa ba a sayar da shi da ragi ko ƙari. Masu riƙe da sukuk kuma ba sa son saki, sai kasuwarsa ta zama siririya. Haɗarin gazawar gwamnati daidai yake da na sauran takardu, tunda aljihu ɗaya ne ke biya.

Ajiyar banki mai wa'adi

Ba zan daɗe a nan ba, kowa ya san ta. Ba la'ada, ba dillali, farashi ba ya motsi. Inshora tana kare ta zuwa wani iyaka, dala 250,000 a Amurka, yuro 100,000 a Tarayyar Turai. Abin da ya haura iyakar bashi ne a kan banki, banki kuwa bai kai gwamnati ƙarfi ba. In ka karya wa'adi za a ci ka tara. Sau da yawa bankin yana karɓar kuɗinka ne ya je ya sayi takardar baitulmalin da kai ma za ka iya saye, ya riƙe bambancin. Amma wani lokaci banki mai neman ajiya yakan ba da abin da ya fi na gwamnati, don haka ba a raina tayinsa kafin a yi lissafi.

| Hanya | Tsada | Ƙarkon uwar kuɗi | Fita kafin lokaci | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Takardar baitulmali | Kusan babu in kai tsaye ne. La'ada in ta dillali | Cikakke ranar wa'adi | Da ɗan wuya | Riba ta ragu wajen sabuntawa |
| Takardar shekara 1 zuwa 3 | La'ada da tazarar farashi | Cikakke ranar wa'adi, yana motsi kafin nan | Ana iya, da farashin kasuwa | Sayarwa a kan asara |
| Asusun haɗaka | Lada duk shekara | Ba ranar wa'adi | Mafi sauƙi | Abin da ke cikin asusun |
| Sukuk | Kamar takardar lamuni | Cikakke ranar wa'adi | Sau da yawa da wuya | Ƙarancin masu saye |
| Ajiyar banki | Babu a fili | Cikakke zuwa iyakar inshora | Da tara | Rushewar banki |

Abin da jadawalin bai iya ɗauka ba

Ana cewa bashin gwamnati ba shi da haɗari. Maganar tana da iyaka. Ranar 17 ga Agustan 1998 Rasha ta dakatar da biyan takardunta masu gajeren wa'adi, waɗanda a kuɗinta na rubul aka fitar da su, bayan an yi ta rububinsu saboda ribar da ta wuce hankali. Ruwa ba ya tsami banza: in ka ga gwamnati tana biyan abin da ya ninka na sa'o'inta, kasuwa ce ke faɗa maka tana shakkar biyan.

Duk da haka tarihi ya fi tausaya wa takardar baitulmali. Lokacin da Girka ta zabtare wa masu binta bashi kashi 53.5 a 2012, ba a taɓa takardun baitulmali ba. Da Ghana ta sanar da sauya fasalin bashinta na cikin gida a Disamban 2022, masu takardun lamuni aka nema su karɓi sababbi masu dogon wa'adi da ƙaramar riba, aka bar takardun baitulmali. Ba don tausayi ba ne. Gwamnatin da ke cikin ƙunci da su take samun kuɗin kashewa na mako-mako, ba ta son rufe wannan ƙofa.

Sai dai labarin Ghana yana da ɗaya gefen, kuma shi ne ya fi damuna. A wannan Disamban takardar kwana 91 tana ba da wajen kashi 35, hauhawar farashi kuwa ta haura kashi 54. An biya mutane kuɗinsu cif, amma abin da kuɗin ke saye ya ragu. Ko da ƙananan alƙaluma haka abin yake: in ka samu kashi 11 a shekarar da kaya suka tashi da kashi 15, ɗarinka ta zama 111, abin da kake saye da ɗari ya koma 115, ka yi baya da kusan kashi 3.5. Babu ɗaya daga cikin hanyoyi biyar ɗin nan da ke kare ka daga wannan. Abin da gajeren wa'adi ke yi maka shi ne ba ka damar sabuntawa da sabon farashi da wuri, ba ka maƙale shekara goma a tsohon ba.

Wasu sukan gudu zuwa takardar wata ƙasa mai ƙarfin kuɗi. Yana da ma'ana in abin da za ka biya nan gaba a wannan kuɗin ne, kamar karatu ko magani a waje. In ba haka ba, motsin canji na wata ɗaya yana iya cinye ribar shekara, ko ya ninka ta, kuma ka bar ajiya ka koma hasashe.

Wa ya dace da me

In ka san ranar biyan, kuma ba ta wuce shekara ba, sayi takardar baitulmalin da wa'adinta zai cika sati ɗaya ko biyu kafin ranar, kai tsaye in ƙasarka ta ba da dama. Kada ka kunna sabuntawa ta kai-da-kai, don kada ranar ta zo kuɗin sun sake shiga wani zagaye.

In kuɗin ko-ta-kwana ne, waɗanda ba ka san ranar da za a neme su ba, asusun kasuwar kuɗi mai riƙe da takardun gwamnati zalla kuma mai ƙaramin lada ya fi, ko da ribarsa ta ɗan gaza. Rashin lafiya ba ta jiran ranar wa'adi.

In buƙatar tana nan da shekara biyu ko uku, kuma ka tabbata ba za ka taɓa kuɗin ba, takardar lamuni da aka riƙe har ƙarshe ce taka, musamman in alamu sun nuna kuɗin ruwa zai sauka. Ba na ba irin wannan mutum shawarar ETF na takardun shekara uku, tunda shi ba ya yi maka alkawarin adadi a wata rana.

Wanda kuɗinsa kaɗan ne, la'ada za ta cinye ribar, to ajiyar banki a ƙarƙashin iyakar inshora ko asusun haɗaka sun ishe shi. Wanda kuɗinsa suka haura iyakar inshora, takardar baitulmali ta fi masa barin su a banki ɗaya. Mai guje wa kuɗin ruwa ya nemi sukukin ijara wanda saura kaɗan wa'adinsa ya cika, ko asusun haɗaka da ke da kwamitin malamai masu sa ido, ya kuma tambayi yadda ake fita tun kafin ya shiga.

Saura wanda ke da kuɗi masu ɗan kauri, yana kashe wani abu daga ciki lokaci-lokaci, kuma bai san inda kuɗin ruwa ya dosa ba. Shi ya raba kuɗin gida huɗu, ya daidaita su yadda wani kaso zai cika bayan wata uku, wani shida, wani tara, wani goma sha biyu. Duk wanda ya cika, ya cire abin da yake buƙata, ragowar ya mayar da su takardar shekara guda. Bayan zagayen farko, kowane wata uku akwai kuɗi da ke faɗowa hannunsa ba tare da ya sayar da komai ba, kuma dukan kuɗinsa suna cin farashin takardar shekara.